Waya ta Uku a Atiliyen Baba

Duk abin da tsufa zai kwashe mini daga kai ya kwashe, amma na san ba zai iya ɗauke ranar da muka daidaita wutar atiliyen mahaifina ba. Shekaru sun shuɗe, ni kaina furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har gobe in na ji inji yana gurnani a hankali sai ƙirjina ya yi nauyi. Wanda bai san labarin ba zai ce me ke cikin waya uku da ƴan gwangwanaye da zai sa ƙato kamata hawaye. To bari in faɗa tun daga farko.

Babanmu mai sassaƙa ƙarfe ne a Magaria. Atiliyensa na bayan kasuwa, ɗaki ne na ƙasa mai rufin kwano, da rumfa a gaba inda masu jira ke zama. A ciki akwai injin da muke kira tur, wanda ke juya ƙarfe ana fere shi har ya fito yadda ake so, sai injin wasa ƙarfe da injin huda. Daga Bande, daga Dungas, daga Sassumbrum, mutane na zuwa da fayafayan injin niƙa ɗaure a bayan moto, wato babur, ko cikin amalanke, a gyara musu fuska a fitar musu da haƙori. Masu lambun rake su ma suna kawo sandar injin ban ruwa in ta cinye. A wancan lokacin in ba Baba ba, sai dai mutum ya kama hanyar Damagaram ko ya tsallaka iyaka.

Sai dai injunan nan duka wuta mai waya uku suke ci, ita kuwa wutar da aka ja zuwa unguwar mai waya biyu ce, irin ta gidaje. Dabarar da Baba ya koyo tun yana saurayi a wajen ubangidansa ita ce a ajiye wata babbar mota ta lantarki, irin wadda ke juya inji, a kusurwar ɗaki, ba ta jan komai, ba ta niƙa komai, juyawa kawai take yi. In aka ba ta waya biyu tana juyawa, sai ta haifar da ta uku. Shi ya sa Baba ke kiranta uwa, waya ta ukun kuma auta. Ita auta ba ta zuwa daidai da ƴan uwanta, wani lokaci ta gaza, wani lokaci ta zarce, don haka ake haɗa mata kondansater, waɗanda Baba bai taɓa kira da wani suna ba sai gwangwani. A ƙara ɗaya ta hau, a rage ɗaya ta sauka. Yakan ce wa masu jira abin kamar duwatsun murhu ne, in ɗaya ya fi sauran tsawo tukunya ba ta zama. Motar da ta sha wuta maras daidaito kuwa zafi take yi a hankali har wayoyin cikinta su ƙone.

Baba bai taɓa mallakar ma'aunin wuta ba. Da kunne yake awo. Kullum da safe zai naɗa igiya a sandar uwa, ya yi bisimilla, ya fizge, ya tura mata wuta. Daga nan sai ya sunkuya ya karkatar da kai, ya lumshe ido. In muryar ta fito sumul sai ya miƙe ya ce, "In kunne ya ji, jiki ya tsira." In ya ji wata ƴar rawa a ciki sai ya kashe, ya buɗe akwatin gwangwanaye ya taɓa ɗaya. Ina yaro, in na zo hutu, nakan laɓe a bakin rumfa don kawai in ga wannan sunkuyon. A idona babu wani malami a duniya da ya kai shi.

Na ce in na zo hutu, domin ni ɗan fari ne, kuma kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a gidajenmu. Ana yaye ni kawuna ya ɗauke ni zuwa Damagaram. Baba bai taɓa kiran sunana ba, Inna ma haka. In zai yi maganata sai ya ce "mutumin Damagaram". Ko ina tsaye a gabansa, sai ya dubi wani ya ce, "Ka ce wa mutumin Damagaram ya kawo buta." Ni ma in ina da magana sai in nemi wanda zan aika. Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, kuma mun gaje ta. Amma ni mutum ne mai saurin zuciya, kuma abin yana cina a rai tun ina ƙarami, ko da yake ban taɓa furtawa ba. Ina jin saboda uwar nan ta kusurwar ɗaki na zaɓi karatun lantarki a lakwal, wato makarantar boko. Da na gama na dawo Magaria na yi aure, ina ja wa mutane waya a gidaje da shaguna, ina zaune a sashe ɗaya na gidan Baba. Atiliye kuwa ban taɓa sa hannu a ciki ba, bai kira ni ba, ban kai kaina ba.

Kunnen Baba bai tafi a rana ɗaya ba. Da farko rediyonsa ce ta fara ƙara murya, har maƙwabta suka daina kunna tasu. Sai ya zama in an kira salla ba ya tashi sai ya ga mutane sun tashi. In aka gaishe shi daga baya ba ya amsawa, wasu har suka ce girman kai ya zo masa da tsufa. A atiliye kuwa abin ya sami wurin ɓuya, domin can dama kowa da ihu yake magana saboda ƙarar ƙarfe. Mu na gida mun sani, masu jira a rumfa sun sani, masu shayin bakin kasuwa sun sani. Kowa sai ya ƙara ɗaga murya kaɗan, ya yi kamar dama haka yake magana. Wa zai dubi dattijon da kunnensa ne sana'arsa ya ce masa ya kurumce?

Abin da ya fara ja hankalina ƙwai ne na lantarki. Akwai guda ɗaya da Baba ya rataya a kan tur, ya ɗauko masa wuta daga auta. Wata rana na ji yana yi wa mai shagon kusa faɗa, wai ampul ɗin da ake kawowa yanzu duk na banza ne, ba ya kwana biyu ya mutu. Na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Daga ranar na fara kasa kunne in zan wuce, sai na ji muryar uwa ba wadda na sani ba ce. Da tana gurnani ne kamar mage a kan cinya, yanzu kuwa ruri take yi, har kwanon rufi na amsawa.

Ranar da Baba ya tafi ta'aziyya Dungas na karɓi makulli a hannun matata, wadda ta karɓo wajen Inna, na shiga da ma'aunina. Na ja igiya, uwa ta tashi. Tsakanin wayoyi biyu na gari allura ta tsaya inda ya kamata, wajen ɗari biyu da ashirin. Da na ɗora a kan auta sai ta yi tsalle ta doshi ɗari biyu da tamanin. Na kashe na buɗe akwatin. Gwangwanaye ne cunkus, manya da ƙanana, na fanka, na firiji, na injin ruwa, an ɗaure su da robar taya, wasu har sun kumbura. Nan take na gane abin da ke faruwa. Duk safiyar da Baba ya sunkuya ya ji muryar uwa ta yi nisa, sai ya ɗauka ita ce ta raunana, ya ƙara mata gwangwani. Tana ƙara ruri, shi kuma sai ya ji ta dawo yadda ya san ta. Na zauna a kan bencinsa na daɗe ban motsa ba.

Baba na da amini, mai injin niƙa a Bande, tun suna samari suke tare. Muna kiransa Baffa ko da yake ba jini. Mutum ne mai barkwanci, shi kaɗai ke iya tsokanar Baba ya kwana lafiya. Ranar kasuwa na tare shi kafin ya isa rumfa, na zayyana masa komai. Na ce, "Baffa, don Allah ka faɗa masa. Wutar auta ta hau ƙwarai, in ba a rage gwangwanayen nan ba motar tur za ta ƙone. Kuma ka faɗa masa kunnensa ne ke ruɗinsa."

Baffa ya cire hula ya sosa kai. Ya ce, "Kai yaro, ka ɗora mini dutse. To, Allah ya ba ni baki."

Na koma bayan katanga na tsaya. Ba sai na laɓe kusa ba, domin duk mai magana da Baba sai ya ɗaga murya, kuma rumfa cike take da mutane. A nan ne na gane inda gizo ke saƙar. Ba a iya gaya wa kurma cewa ya kurumce a asirce. Abin da zai shiga kunnen Baba sai ya fara shiga kunnen rabin kasuwa. Na ji Baffa ya yi gaisuwa, ya yi tsokana, ya kewaya ya sake kewayawa, can ya ce da ƙarfi, "Mutumin Damagaram na gaishe ka! Ya ce in an sami sarari, a ɗan duba gwangwanayen nan!"

Baba ya yi dariya. Ya ce, "Ka ce masa na gode. Ka ce masa tun ba a haife shi ba nake kiwon uwar nan. Ya je ya ja wa matan gari wayar fanka."

Rumfa ta kwashe da dariya. Ni kuwa na bar wurin zuciyata na tafasa. Da yamma Baffa ya same ni ya ce, "Ka yi haƙuri, bakina ya ƙi. Mutane sun yi yawa." Na ce to a kira shi gefe. Ya ce, "Wane gefe? Ko cikin rijiya muka shiga, sai an ji mu a tasha."

Da na ga saƙo bai yi ba sai na yi abin da hannuna ya iya. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci Baba ya kwanta hutawa, na shiga na cire wayoyin gwangwanayen da suka yi yawa, na naɗe bakinsu da baƙin salatif, na bar su a zaune a wurinsu don kada ido ya gane. Na auna, auta ta sauko kusa da ƴan uwanta. Na fita ina jin kamar na sauke kaya. Washegari da hantsi ina shirin fita aiki sai na ji rurin nan ya dawo daga bayan kasuwa. Da na dawo gida da azahar na tarar da ƴan guntayen salatif ɗina an jera su a bakin ƙofar ɗakina, an danne da dutse. Bai aiko kowa ba. Makulli kuwa daga ranar ya koma aljihunsa.

Na yi fushi, ba zan ɓoye ba. Na ce wa matata tsohon nan taurin kai zai kashe shi. Ta ce, "Ba taurin kai ba ne. Shi fa abin da ya ji yake gyarawa." Na yi mata tsawa, amma na san ta fi ni gaskiya.

Abin ya faru ana gab da azumi, cikin tsananin zafi. Lokacin ne kowane mai injin niƙa ke son fayafayansa su yi kaifi, domin gero da dawa za su yi ta zuwa ba hutu. Fayafayai sun taru a rumfa har an rasa wurin zama, Baba yana kan tur tun safe bai huta ba. Ina wani shago kusa da tasha ina ja musu waya, sai iska ta kawo mini wari. Duk mai aikin lantarki ya san warin nan, warin fentin wayar mota in ya ƙone, ba ya kama da warin komai. Na yar da abin da ke hannuna na ruga.

Na tarar da hayaƙi na fita ta ƙofa, mutane sun ja baya. Wani ya riga ya kashe wuta. Baba na tsaye gaban tur, ya ɗora hannu a kan motar duk da zafinta, yana shafa ta kamar mai lallashin dabba. Motar asali ce, da ita injin ya zo, ta girme ni. Masu jira suka ce tun da jimawa suke jin tana kuka wani iri, sun ɗauka ya sani. Baba bai dubi kowa ba. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ba ta ko yi mini gargaɗi ba."

Wannan maganar ta fi hayaƙin shaƙe ni, domin ta yi gargaɗin, kowa ya ji.

Mutane suka fara ɗaukar fayafayansu ɗaya bayan ɗaya, suna yi masa jaje, suna ɗaurewa a bayan moto. Ba laifinsu ba ne, azumi ba ya jiran kowa. Wasu suka nufi Damagaram, wasu suka tsallaka iyaka. Baffa kaɗai ya bar nasa a jingine da bango, ya ce matan Bande su koma turmi, ai ba a haife su da inji ba. Ni na kwance motar, na kai ta Damagaram wajen mai naɗin waya. Ko izinin yin hakan ma ta bakin Inna aka gaya wa matata, matata ta gaya mini. Mai naɗin ya buɗe ya ga yadda gefe ɗaya ya ƙone ƙurmus sauran suka yi baƙi-baƙi, ya dube ni ya ce, "Wutarku ba daidai take ba. In kuka mai da ta a haka, kafin salla za ku dawo, kuma karo na biyu ban yi alkawari ba."

A makonnin da muka yi muna jira, Baba ya tsufa a idona. Kullum zai tafi atiliye ya buɗe, ya share, ya zauna a rumfa shi kaɗai da carbi. Abincin buɗa baki sai ya taɓa ya ture. Mutumin da ke cika gida da faɗa ya koma shiru, har na fara kewar faɗan.

Da motar ta dawo na ɗaura ta a kan tur, amma ban haɗa waya ba. Na ce wa Baffa ko za a tsine mini ba zan haɗa ta da wutar nan ba. Ban san yadda suka yi ba, sai ga Baffa da safe a ƙofar ɗakina yana murmushi. Ya ce, "Ya ce in ce maka, in kana da sarari, ka zo da agogon nan naka." Agogo yake kiran ma'aunina.

Mu uku ne a ɗakin, Baffa ya ja ƙofa ya kori masu leƙe. Na kashe wuta daga tushe, na sauke cajin da ke cikin gwangwanaye, domin ko an kashe suna riƙe da abin da zai jefar da mutum. Na fara da kumburarrun na fitar da su waje. Na cire ƙwan da ke kan auta na mai da shi kan wayoyin gari, na shafa wa auta jan fenti don kada a sake rataya mata wani abu. Baba na tsaye ya harɗe hannu a baya yana kallon bango, amma na san duk motsin yatsana yana gani.

Shi aikin daidaita wutar nan ba na mutum ɗaya ba ne. In ka daidaita uwa tana juyawa ita kaɗai, da zarar tur ya kama ƙarfe sai auta ta faɗi. Dole wani ya riƙa yanka, wani na aunawa. Don haka na ce wa Baffa ya ce wa Baba ya ɗora faifai. Ya ɗora na Baffa, ya naɗa igiya, ya yi bisimilla ya fizge. Yana yanka ina auna wayoyin bibbiyu, ta farko da ta biyu, ta farko da auta, ta biyu da auta. Sai in ɗaga hannu ya tsaya, in kashe, in sauke caji, in cire gwangwani ɗaya daga wannan gefe, ko in mai da ƙarami wancan gefe. Mu sake tayarwa. Haka muka yi ta yi, gumi na zuba, ga azumi a baki. Ban taɓa tsayawa kusa da mahaifina na tsawon lokaci kamar ranar ba, har ina jin warin man inji a rigarsa.

Duk gwangwanin da na cire, muryar uwa sai ta sauka. Kwanon rufi ya daina amsawa. Na ga fuskar Baba tana ɗaurewa. Can ya dubi Baffa ya ce, "Ka ce masa ya isa haka. Zai kashe ta da yunwa." Na nuna wa Baffa allura, Baffa ya nuna wa Baba, ya ce da ƙarfi, "Saura kaɗan, in ji agogo!" Baba ya yi tsaki amma ya koma kan tur.

Da rana ta take tsaka, awo uku suka zo kusa da juna, tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai abin damuwa ba. Baba ya yi yanka mai tsawo. Ƙarfe na fita a murɗe, fuskar faifai na sheƙi, ba rawa ba tsalle. Ya ɗora tafin hannu a bayan motar da aka naɗa, ya daɗe, ya ji ba zafi. Na ga ya gyaɗa kai kaɗan. Ya tsai da tur, ya rage saura uwa kaɗai na juyawa a kusurwa, da muryar nan tata ta da, wadda na sani ina yaro.

Sai ya taka zuwa wajenta, ya sunkuya, ya karkatar da kai, ya lumshe ido. Ya daɗe a haka. Ya juya ɗaya kunnen. Ya ƙara matsawa har hularsa ta kusa taɓa ƙarfe. Sannan ya ce, idonsa a rufe, "Wa ya kashe ta?"

Ya buɗe ido ya ga sanda na juyawa. Ya ɗora hannu a jikinta ya ji tana motsi. Ya dubi tulin gwangwanayen da na cire a ƙasa, ya dubi uwa, ya sake duban gwangwanayen. Wallahi na ga lokacin da abin ya isa zuciyarsa, kuma da ina da iko da na mai da gwangwanayen nan duka don kada in ga fuskar nan.

Ya juya wajen Baffa. Ya ce, "Tun yaushe?"

Baffa ya matsa kusa da kunnensa ya ce, "An daɗe, Malam."

"Kowa ya sani?"

Baffa ya sunkuyar da kai.

Baba ya zauna a kan benci a hankali. Ya ce, "Kuka bar ni ina ta ɗura mata gwangwani. Kuna zaune a rumfata kuna shan inuwa, kuna jin tana kuka." Ba da faɗa ya faɗa ba, da ma faɗan ya yi da ya fi mini sauƙi. Baffa mai barkwanci ya sa hannun riga yana share ido. Ni kuwa ina durƙushe gaban akwati da ma'auni a hannu, na rasa inda zan sa fuskata.

Can na ji Baba ya ce, "Kai."

Na ɗauka da Baffa yake. Da na ɗaga kai sai na ga ni yake kallo, ido cikin ido, abin da bai taɓa yi ba tun da na yi wayo. Ya ce, "Kai, kana jin ta?"

Na matso na durƙusa a gabansa, na ɗaga murya na ce, "Ina ji, Baba."

"Yaya take?"

Na ce, "Lafiya lau take. Kamar yadda take da, lokacin da nake laɓewa a bakin rumfa ina kallonka."

Ya ce, "Ai ina ganinka." Sannan ya ce, "To, daga yau ka riƙa ji mini."

Nan hawayen da nake riƙewa suka ƙwace. Maganar da na yi shekaru ina jira ta zo, amma ta zo a ranar da aka karɓe masa abin da ya fi so. Har yau ban san ko murna zan kira abin da na ji ba ko baƙin ciki, na dai san baƙin cikin ya fi yawa.

Daga ranar, kullum da safe kafin in tafi aikina sai in bi ta atiliye. Ya naɗa igiya ya fizge, amma bai ƙara sunkuyawa ba. Sai ya juyo ya dube ni. In saurara, in auna, in gyaɗa masa kai, sannan ya hau tur. Karin maganar nan tasa ta kunne kuwa ban sake jin ta a bakinsa ba. Wasu masu injin sun dawo, wasu sun riga sun saba da wata hanya. Bai yi ƙorafi ba, amma ƙarfin zuciyar da yake aiki da shi ya tafi. Da kakar shekarar da ta biyo ya kwanta ciwo, bai tashi ba. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Motar da aka naɗa tana nan tana aiki har yau, ba ta sake zafi ba.

Ba na ɗora wa kowa laifi. Baffa ya so shi, Inna ta so shi, masu rumfa sun girmama shi, kuma duk don kare mutuncinsa aka yi shiru. Amma shirun bai kare komai ba, ya dai jinkirta abin har ya zo masa tare da hayaƙi. Abin da na koya shi ne gaskiyar da za ta ceci mutum ba a ba da ita saƙo, domin kafin ta isa kowane baki ya rage mata nauyi. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike, kuma ni a kan mahaifina na gane haka. Shi ya sa ranar da ɗiyata ta fari ta yi wayo na kira ta da sunanta, na zaunar da ita a gabana, na ce mata duk ranar da ta ga kunnena ko idona ya fara yaudarata, ta zo da kanta ta faɗa mini, ko da sai ta yi ihun da za a ji a kasuwa.